Me ya sa sailej ɗina ya yi wari, shanu suka ƙi ci?

Tambaya: Na zuba wa ciyawar giwa yuriya buhu huɗu a hekta ɗaya, bayan sati biyu na yanka na danne a rami nan take don ta zama sailej, wato ciyawar da ake adanawa ta yi tsami don ciyar da dabbobi. Da na buɗe sai na tarar ta yi baƙi, tana yauƙi da wari. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, ka yi gaggawar yanka bayan taki, kuma ba ka bari ciyawar ta yi yaushi ba.

Sukarin da ke cikin ciyawa ne bakteriya ke mayarwa tsami, tsamin kuma shi ke hana ruɓewa. Ciyawar giwa da gamba dama sukarinsu kaɗan ne. Takin naitirojin yana ƙara rage shi, ya kuma sa ciyawar ta yi wuyar tsami. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, wato ka zuba kilo 92. Manoman Ingila suna lissafin cewa ciyawa na shanye naitirojin kilo 2.5 a hekta kowace rana. A wannan ma'auni kwana 37 ya kamata ka jira, ba 14 ba. Idan tsami bai kama da wuri ba, sai bakteriyar kilostiridiya da ke biyo ƙasa ta karɓe ramin, ta farfasa furotin ya koma amoniya. Warin ke nan, kuma abincin da ka sayi taki dominsa ne ya salwanta.

Yaushi ya fi komai araha a gyaran. Ɗanyar ciyawa ruwanta ya haura kashi 80 cikin 100, ana so ya sauko zuwa 65 ko 70. Ka yanka da hantsi bayan raɓa ta ɗauke, ka baza, kada ka tara. A rana mai zafi awa 4 zuwa 6 kan isa. Ka daddatsa santimita 2 zuwa 3, ka damƙa ka matse. Idan ruwa ya ɗiga, da saura. Idan tafin hannu ya yi danshi kawai, dunƙulen ya buɗe a hankali, ta yi. Idan ta watse nan take, ta bushe da yawa, ba za ta dannu ba, iska za ta maƙale, fumfuna ta biyo baya.

In damina ta hana shanya, ka gauraya molas, wato ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an cire sukari, kilo 30 zuwa 50 a kowane tan na ciyawa, ko dusar masara ta tsotse ruwan. Wajen yanka, ka bar tushe da ɗan tsayi don kada ƙasa ta shiga.

A kwanakin farko bayan danne ciyawa, idan ka ga hayaƙi ruwan ɗorawa a bakin rami, ka nisanta yara da dabbobi, guba ce mai ƙona huhu. Sailej ɗin da ya yi baƙi kuwa kada ka ba shanu, ka kai shi gona ya zama taki.