Dalilin jiƙa auduga kafin ta shiga tanderu

Ɗana, ka tambaye ni me ya hana mu daka gawayi mu cuɗa shi da garin tsatsa mu huta, sai mun jiƙa auduga a ruwan gishirin ƙarfe, mun busar, sannan mu gasa. To, saurara da kyau. Abin da muke son samu shi ne garin gawayi mai ƙwayoyin ƙarfe a cikinsa, wanda ke bin maganaɗisu.

Abin da hannu ya cuɗa, ruwa na raba shi. Zuba a kofi ka motsa, za ka ga tsatsa ta yi nata wuri, gawayi ya yi nasa. Ita kuwa auduga, wajen kashi 90 cikin 100 na jikinta selulos ne, wato sinadarin da ke gina zaren tsirrai, kuma selulos cike yake da mahaɗan oksijin da haidurojin masu cafke ƙarfen da ya narke a ruwa. In ka jiƙa ta a ruwan naitiret na ƙarfe, wato gishirin ƙarfen nan, ƙarfen ratsa zaren yake yi, kamar yadda baba ke ratsa zane a marina. Shi ya sa nake hana ka tsame ta da gaggawa.

A tanderu ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Kafin wuta ta tashi, sai mun cika tanderun da naitirojin don ya kori iskar da ke ciki. Zafi na haura digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, selulos zai fara ruɓewa, ruwa da hayaƙi su fice, kabon, wato gawayin, ya rage da siffar zarensa. Tsakanin digiri 500 da 600, kabon ɗin da iskar da yake fitarwa za su zare wa ƙarfen wani ɓangare na oksijin, ya koma magnetait, baƙi, mai bin maganaɗisu, ƙwayoyinsa ƙanana a warwatse cikin kabon, babu halin su dunƙule. Ka hau da zafin sannu, kamar digiri 5 a minti. In ka zarce 700, ƙarfen zai soma komawa zallansa, ba abin da muke nema ba ke nan.

Idan iska ta saci hanya ta shiga, za ka buɗe ka tarar da jan gari mai siffar auduga: kabon ya ƙone, hematait, wato jar tsatsa, ya rage. Kara masa maganaɗisu, da ƙyar zai motsa. Wannan asara ce, a sake sabo.

Wahalar tana biya. Wajen tace ruwa, garin na kama dalma da gubar asanik, ka janye shi da maganaɗisu. Masu binciken batirin litiyam ma suna sonsa, don magnetait na kumbura in batirin yana caji, kabon ne ke riƙe shi kada ya farfashe.

Kuma kada ka kuskura ka buɗe tanderun da ɗuminsa. Bar naitirojin na gudu har ya huce sarai, don garin nan in ya sha iska da zafi, kama wuta yake yi a hannunka.