Jirgin faiba ya koɗe: fenti za a yi masa ko gogewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji ƙaramin jirgin ruwa na faiba daga mahaifina, ya daɗe a ajiye a bakin kogi ta wajen Kabala. A da shuɗi ne mai sheƙi, yanzu ya koɗe, in ka shafa shi sai farin gari ya biyo hannunka. Wani mai fentin mota ya ce in kawo ya fesa masa fenti. In kai masa? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifi. Malam, ka dakata da maganar fenti tukuna.

Shuɗin da kake gani jelkot ne, wato ruwan roba na foliyesta da aka cakuɗa da launi, aka fesa a cikin mazubi tun kafin a shimfiɗa zaren faiba. Kaurinsa rabin milimita ne ko sama da haka kaɗan. Rana ce ke cin samansa a hankali, farin garin nan kuwa saman da ya mutu ne. Sau da yawa launi mai kyau yana nan kwance a ƙarƙashinsa. Ka watsa ruwa a gefen jirgin ka gani. In shuɗin ya dawo muddin wurin yana jiƙe, to jelkot ɗin da sauransa, gogewa kawai yake so.

Ka fito da shi daga bakin kogi, ka wanke shi tas da sabulu da soso mai laushi. Jan layin nan da ruwan damina da laka suka bari a jikinsa sabulu ba ya fitar da shi. Maganin wanki mai asid ɗin okzalik ne ke fitar da shi. Ka sa safar hannu, ka kare idonka, kuma kada ruwan ɗaurayar ya koma cikin kogi.

Daga nan ka zaɓi wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu biyu ka yi gwaji. Ka fara da man gogewa da ake kira kwamfawun, wanda masu sayar da kayan fentin mota suka sani, da injin gogewa mai hular ulu, a kan gudun juyi wajen 1,500 a minti. In sheƙi ya fito, shi ke nan, ka bi sauran jikin haka. Sai in ya ƙi ne za ka ɗauko samfefar ruwa. Ka fara da lamba 1000, sannan 1500, sannan 2000, kana zuba ruwa ba yankewa, kafin ka koma kan kwamfawun. Lamba 800, wadda ta fi su kaushi, sai wurin da ya ci sosai.

A nan ne jirage da yawa ke lalacewa a hannun masu kyakkyawar niyya. Duk abin da samfefa ta cire ya tafi ke nan. A kusurwa da bakin jirgi jelkot ya fi saurin cinyewa, don haka da hannu ake bin su, ba da inji ba. Kada ka tsayar da injin wuri ɗaya, zafi zai ƙona wurin. Da zarar ka ga launi ya fara sauyawa, ko saƙar zaren faiba ta fara leƙowa, ka ɗaga hannunka.

Ka kuma lura da lokaci. A hunturu ƙurar da ke sauka a Kaduna tana maƙalewa a hular ulu ta riƙa karce abin da ka gyara. Ka yi aikin da sassafe a inuwa, kana share wurin da tsumma mai ɗanshi kafin ka ɗora inji. Wayar lantarki kuma ta yi nesa da ruwa.

Bayan sheƙi ya dawo, ka shafa kakin mota shafi biyu, ka riƙa sabuntawa duk bayan wata uku zuwa huɗu. In ba haka ba, ranar Maris da Afrilu za ta mayar da kai inda ka faro. Amma kada ka shafa inda ake taka ƙafa, kaki zai sa wurin santsi. Ka rufe jirgin da tamfol, ka bar inda iska za ta shiga.

Fenti yana da ranarsa: in zaren faiba ya bayyana a wurare da yawa, ko tsagewa ta mamaye jikin. A lokacin ma fentin jirgin ruwa za ka nema, domin na mota yana kumbura ya ɓare in ya daɗe cikin ruwa. In kuwa ka ga ƙuraje a ƙasan jirgin, ka fasa ɗaya ka ji warin tsami, ruwa ne ya shiga ƙarƙashin jelkot. Wannan sai an buɗe su, an bar jirgin ya bushe sosai, mai aikin faiba ya cike su kafin a yi zancen gogewa.