Hukuncin Hasashen Ƙungiyar da Manyan 'Yan Besbol Za Su Koma da Zuba Kuɗi a Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni mazaunin unguwar Bronx ne a birnin Niyok, sana'ata tuƙin tasi, kuma zaman da na yi kusa da filin ƙungiyar Yankees ya sa na shaƙu da wasan besbol. Duk shekara idan kakar wasa ta ƙare, manyan 'yan wasan da kwantiraginsu ya cika sukan shiga kasuwa, ƙungiyoyi su yi ta zawarcinsu. Mu goma sha biyu ne a wani zaure na WhatsApp, kowa yakan rubuta inda yake ganin kowane ɗan wasa zai sa hannu, ya zuba dala 20, wanda ya fi dacewa ya kwashe dala 240. A hunturun da Juan Soto ya bar Yankees ya koma Mets, ni na ci. Wani dattijo a masallacinmu ya ce mini wannan da'awar sanin gaibu ce, kuma ba za a karɓi sallata ta kwana arba'in ba. Abokaina kuwa sun ce ba caca ba ce, domin nazari muke yi. Akwai kuma gasar da ake shiga kyauta a intanet, da manhajojin waya da ake sa kuɗi. Mene ne hukuncin waɗannan, kuma yaya zan yi da kuɗin da na ci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, dattijon da ya yi maka magana ya ji ƙanshin haramun a cikin abin da kuke yi, kuma gaskiyarsa ce, sai dai ya ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Hasashen kansa halal ne. Kuɗin da kuke zubawa a kansa shi ne haramun, kuma shi ne abin da nake so ka bari tun daga yau.

Gaibun da Allah Ya keɓanta da saninsa, wanda Ya ce a cikin Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san shi a sammai da ƙasa sai Shi, sani ne na yaƙini game da abin da ke ɓoye, ba tare da wata hanya ta zahiri da ta kai mutum gare shi ba. Hadisin da dattijon ya nufa yana cikin Sahihu Muslim, cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba. Mai duba shi ne wanda yake riya cewa ya san ɓoyayye ta hanyar bugun ƙasa, ko watsa wuri, ko lissafin taurari, ko mu'amala da aljanu. Wanda ya dubi dalilai na fili ya ce yana zaton abu kaza zai faru bai shiga wannan sahu ba, kamar yadda manomin da ya ga hadari ya taso daga gabas ya ce za a yi ruwa bai zama boka ba.

Muna da misalin wannan daga Annabi (SAW) kansa. Malaman tarihi sun kawo cewa gab da yaƙin Badar an kamo wasu bayi biyu masu ɗebar wa Ƙuraishawa ruwa. Da aka tambaye su yawan rundunar sai suka ce suna da yawa, amma ba su san adadi ba. Sai Annabi (SAW) ya sauya tambayar, ya ce raƙuma nawa suke sokewa a kullum. Suka ce wata rana tara, wata rana goma. Sai ya ce mutanen suna tsakanin ɗari tara zuwa dubu. Ya ɗauki abin da aka sani, wato yawan naman da ake ci, ya auna abin da ba a sani ba da shi. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a kan hanyar Tabuka ya umarci sahabbai su yi kirdadon 'ya'yan gonar wata mata a Wadil Ƙura, shi ma ya ƙiyasta wusuƙi goma (wusuƙi wani babban ma'auni ne na dabino da hatsi), da suka dawo aka tarar goman ne.

Abin da masu nazarin besbol suke yi daga wannan jinsin yake. Tun bayan hukuncin da mai sasanci Peter Seitz ya yanke a watan Disamba na 1975, da yarjejeniyar da ta biyo baya a 1976, ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasar besbol ta Amurka kuma kwantiraginsa ya ƙare yana da 'yancin zaɓar inda zai yi aiki. Mai hasashe yakan duba ƙarfin aljihun mai ƙungiya, da gurbin da ƙungiyar take da shi, da harajin da za ta biya idan jimillar albashinta ya wuce iyaka, da shekarun ɗan wasan da lafiyarsa, da halin wakilinsa wajen ciniki. Wanda ya ce Soto zai koma Mets ya dubi dukiyar Steve Cohen mai ƙungiyar Mets, ya dubi yadda wakilin Soto, Scott Boras, ya shahara da neman farashi mafi tsada, sai ya zo daidai da kwantiragin shekara 15 a kan dala miliyan 765 a Disamban 2024. Babu aljani a cikin wannan kuma babu tauraro. Saboda haka sallarka tana nan, kada ka bari waswasi ya shige ka a kanta. Amma da wani cikinku zai je wurin boka, ko ya buɗe shafin masu lissafin buruji don ya san inda ɗan wasa zai tafi, to wannan ya faɗa cikin hadisin kai tsaye.

Sharaɗin halaccin hasashe shi ne a bar shi a matsayinsa na zato. Ka ce ina gani, ko na fi rinjayar da kaza, kada ka ce wallahi sai ya koma can, domin Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman babu wani rai da ya san abin da zai aikata gobe, kuma ɗan wasan kansa yana cikin wannan aya. Ka tuna abin da ya faru da ɗan wasa Carlos Correa a Disamban 2022. An gama ciniki da ƙungiyar Giants a kan shekara 13 da dala miliyan 350, an sa lokacin gabatar da shi ga 'yan jarida, sai binciken likita ya tayar da maganar wani tsohon rauni a ƙafarsa ta dama, aka ɗage taron a ranar. Ya juya wurin Mets a kan shekara 12 da dala miliyan 315, nan ma ƙafar ta tsayar da magana. A Janairun 2023 ya koma Twins, ƙungiyar da ya baro, a kan shekara 6 da dala miliyan 200. Mutumin da abin yake hannunsa sau biyu yana zaton ya san inda zai yi aiki, sau biyu ana juyar da shi.

Wani ladabin kuma shi ne kada a sa wa zato rigar labari. Ranar 8 ga Disamba 2023 labari ya bazu cewa ɗan wasa Shohei Ohtani yana cikin jirgi zuwa Toronto don ya sa hannu da ƙungiyar birnin, dubban mutane suka zauna suna bin tafiyar wani ƙaramin jirgi a wayoyinsu, da ya sauka sai ga wani ɗan kasuwar Kanada ya fito. Washegari Ohtani ya sanar da kansa cewa ƙungiyar Dodgers ya zaɓa, a kan dala miliyan 700 na shekara 10. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Idan za ka tura wani abu a zaurenku, ka bambance abin da ya tabbata da abin da ake raɗe-raɗinsa.

Yanzu sai maganar dala 20, kuma a nan nake so ka natsu sosai. Ma'anar caca a wurin malamai ita ce kowane ɗaya daga masu shiga ya kasance tsakanin samu da asara, bisa wani abu da ba a san yadda zai kaya ba. Ku goma sha biyu kun zuba, ɗaya zai ɗauki dala 220 da ba tasa ba, sha ɗaya za su tashi a tutar babu, kuma babu haja da aka sayar, babu aikin da wani ya yi wa wani. Wannan shi ne maisir da Allah Ya haɗa da giya da gumaka a Suratul Ma'ida aya ta 90, Ya kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, Ya ce a nisance su. Ƙanƙantar kuɗin ba ta sauya hukunci, yardar da kuka yi wa juna ma haka, domin duk 'yan caca da yardarsu suke zama. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ce wa abokinsa zo mu yi caca, to ya yi sadaka. Idan furta gayyatar kawai tana bukatar sadaka, ka auna nauyin aikatawa.

Hujjar abokanka cewa nazari kuke yi ba ta tsayuwa. Ƙwarewa tana ƙara wa mutum damar ci, amma ba ta mayar da kuɗin ɗan'uwansa halal gare shi, kuma gwanin karta ma ƙwarewa gare shi. Shari'a ta yi rangwamen sa lada a tseren raƙuma da dawaki da harbin kibiya, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da ma'abota Sunan suka ruwaito, saboda tanadi ne na kare al'umma, kuma a can masu tseren da kansu suke aikin. Ku kuwa kuna sa kuɗi ne a kan shawarar da wani mutum zai yanke tsakaninsa da iyalinsa da wakilinsa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a Janairun 2003, ta bayyana cewa sa kuɗi tsakanin mutum biyu ko fiye a kan sakamakon aikin wasu haramun ne. Wani mai karatu zai iya kawo ƙissar Sayyidina Abubakar, wanda ya yi sharaɗi da mushirikan Makka cewa Rumawa za su rinjayi Farisa. Ruwayar Tirmizi ta faɗa a fili cewa hakan ya faru ne kafin a haramta irin wannan sharaɗi, sannan shi yana gaskata alƙawarin da ya sauka a Alƙur'ani ne. Cewa wanda ya faɗi zai saya wa sauran abinci ma hukuncinsa ɗaya, matuƙar kowa yana iya zama mai biya. Idan kuwa mutum ɗaya ya ce don raɗin kansa zai ciyar da ku idan hasashensa bai yi daidai ba, kuma ba a wajabta wa kowa komai ba, wannan kyauta ce.

Manhajojin waya sun fi abin da kuke yi muni. Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a watan Mayu na 2018, jihar Niyok ta fara ta waya a Janairun 2022, amma izinin hukuma ba ya halatta abin da Allah Ya haramta. Haka nan waɗanda suke kiran kansu kasuwar hasashe, inda za ka sayi "e" a kan santi 40, idan abin ya faru a ba ka dala ɗaya, idan bai faru ba kuɗinka ya tafi. An ara wa abin kalmomin ciniki, amma babu abin sayarwa sai faruwa ko rashin faruwar lamarin, don haka caca ce. Kuɗin marhabin da suke ba sabon shiga kuma tsaba ce da ake watsa wa kaza. Kai da kake bin wannan wasa ka san labarin Ippei Mizuhara, tsohon tafintan Ohtani, wanda ya ɗebi kusan dala miliyan 17 daga asusun maigidansa don biyan bashin caca, aka yanke masa ɗaurin wata 57 a Fabrairun 2025. Ina tsoron ɗabi'ar da dala 20 take koya wa zuciya fiye da yadda nake tsoron asarar dala 20 ɗin.

Gasar da ake shiga kyauta tana da saɓani. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Khalil ya taƙaita gasa mai lada ga dawaki da raƙuma da kibiya, ya ce wanin waɗannan ya halatta idan babu lada. Malamai da yawa na wannan zamani sun faɗaɗa, sun halatta kyautar da wani na gefe ya sa, idan masu shiga ba su biya komai ba kuma abin da ake gasar a kansa halal ne. Abin da nake ba da fatawa da shi shi ne, idan ba a biyan kuɗin shiga, ba a sharɗanta sayen wani abu ko yin rajista mai kuɗi ba, kuma mai shirya gasar ba kamfanin caca ba ne, to ba na kiranta caca, kuma wanda ya karɓi kyautar ba na ce ya ci haramun ba, ko da yake barin karɓar ya fi kuɓuta daga saɓani. Idan kamfanin caca ne ya shirya, kada ka shiga ko da kyauta ce, domin sunanka da lambarka yake nema don ya jawo ka gobe, kuma shigarka taimako ne a kan saɓo.

Game da abin da ka ci, ka tuba, ka riƙe dala 20 ɗinka, ka mayar wa mutum goma sha ɗaya kowa da tasa, tunda ka san su kuma kana iya kaiwa gare su. Wanda ya ɓace maka bayan ka yi iyakar nema, ka bayar da rabonsa sadaka da niyyar ladan ya je gare shi. Idan ka taɓa cin wani abu a manhaja, ka cire uwar kuɗinka, ribar ka ba mabuƙata da niyyar tsarkake dukiyarka, sannan ka rufe asusun ka goge manhajar. Zauren naku kuwa ba sai kun rushe shi ba. Ku ci gaba da rubuta hasashenku ba tare da ko sisi ba, kada ya kai ku ga zagin juna ko jinkirta salla, kuma kada ka duba shi alhali kana kan sitiyari da fasinja a bayanka, domin ransa amana ne a wuyanka. Shi kuma dattijon, ka same shi kai kaɗai cikin ladabi, ka gode masa, ka sanar da shi cewa maganarsa ce ta sa ka yi tambaya har ka bar cacar.

Allah ne Mafi sani.