Ƴa mace na iya yi wa mahaifinta wanka da tsarki idan ciwo ya kwantar da shi?

TAMBAYA: Malam, daga Tawa nake. Hawan jini ya shanye wa babanmu ɓarin jiki, an sallamo mu daga likita, yanzu a gida yake kwance. Innarmu ta rasu, yayyena maza biyu suna Abijan wajen biɗa. Ni ke yi masa wanka da tsarki, kullum gabana na faɗuwa ko ina saɓo. Kuma yaya zai yi salla?

AMSA: Ƴata, Allah ya ba shi lafiya, ya yi miki albarka. Babu zunubi a kanki.

Asali, al'aurar namiji, daga cibiya zuwa gwiwa, matarsa ce ke da halin gani da taɓawa. In babu mata, namiji ɗan'uwansa ya fi dacewa da jinyarsa. In shi ma babu, larura ta halatta miki, don barin tsoho cikin fitsari cuta ce, kuma Allah ya hana ko da cewa iyaye "tir" a Suratul Isra'i, aya ta 23. Amma larura gwargwadonta ake ɗauka. Ki lulluɓe shi da zane, ki sa safar hannu ko ki naɗe hannun da tsumma, ki wanke ta ƙarƙashin zanen, ki kau da ido inda aiki bai buƙaci kallo ba. Ki rufe ƙofa kuma. Dattijo yana jin kunya ko da bakinsa ba ya furtawa. A zafin Tawa, ki riƙa juya shi duk awa 2, ki shanya bayansa, kada gyambon kwanciya ya kama shi.

Salla ba ta faɗuwa muddin hankalinsa na nan. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umurci Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ki yi masa alwala shi ya ƙulla niyya. In ruwa na cutar da shi, littafin fiƙihu na Risala ya ba shi damar taimama, sai ki aje dutse mai tsarki kusa da shimfiɗarsa.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba. Yayyenki ba su kuɓuta ba don suna nesa. A littafinsa na fiƙihu, Mukhtasar, Shehu Halil ya ɗora wa ɗa mai wadata ciyar da iyayensa marasa hali, har da mai yi musu hidima. Saboda haka ko ɗaya ya dawo, ko su aiko kuɗin da za a ɗauki namiji amintacce ya riƙa wankan da ɗagawa, ke ki ji da abinci da magani. Gaisuwa ta WhatsApp ba ta ɗaga maras lafiya. Ki tura musu wannan amsa, in sun yi gardama limamin unguwarku ya kira su.

Allah ne mafi sani.