Me Zan Yi Don Kada A Manta Da Baba?

Tambaya: Malam, mahaifina ya rasu bayan Babbar Salla. Ya fara koyarwa a firamaren ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim a 1976, shekarar da aka soma shirin ilimin firamare kyauta, kuma a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da ba a cika kai bayansa ƙasa ba. Me zan yi don kada a manta da shi?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, 'yata. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa aikin mamaci yana yankewa sai abu uku, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a, kuma ina ganin mahaifinki ya riga ya kama na biyun da allin da ya riƙe shekara da shekaru. Saura ke. Ki je makarantar tasa ki duba abin da ya fi damun yara, ko benci ne ko rijiya, ki gyara da niyyar ladan ya kai gare shi. Kada ki raina kokawar ma. Ki nemi abokan karawarsa da suka rage, ki ɗauki muryarsu a waya suna faɗin kirarinsa, tun kafin su ma su bi shi.