Faifan C ya cika, amma fayilolina ba su kai haka ba: ina sauran wurin ya shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof mai Windows 10, RAM ɗinta giga 16, kuma a jikin kwalinta an rubuta SSD giga 256. Amma idan na buɗe This PC sai in ga faifan C giga 237 ne gaba ɗaya, saura giga 11 kacal, har layin ya koma ja. Da na zaɓi dukkan foldojin da ke cikin C na duba Properties, giga 160 kawai ya nuna. Ina sauran suka shiga? Ko cutata aka yi wajen saye? Sannan ina da filashi da ke nuna akwai kayan giga 20 a ciki, amma idan na buɗe ba na ganin komai. Na gode. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Giɓi biyu ne a lissafinka na laftof, kuma ba dalili ɗaya ya kawo su ba.

Na farkon, daga 256 zuwa 237, babu cuta a ciki. Kamfanonin da ke ƙera faifai suna ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit 1,000,000,000, ita kuwa Windows giga ɗaya a wurinta bayit 1,073,741,824 ne, wato 1024 sau 1024 sau 1024. Raba bayit biliyan 256 da wannan adadi, za ka samu 238.4. Haka faifan giga 500 yake fitowa 465, na tera ɗaya kuma 931. Ragowar kusan giga ɗayan ya tafi ga ƙananan ɓangarorin da Windows ke yankewa don tayar da kwamfuta da gyara ta idan ta lalace. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta diskmgmt.msc, za ka gan su a jere. Wannan wurin ba ya dawowa, kada ka ɓata lokaci a kansa.

Giɓi na biyu shi ne mai aiki. Idan saura 11 daga cikin 237, to an cinye 226, kai kuma 160 ka ƙirga. Giga 66 ke nan ba a san inda suke ba. Cikin alƙaluman nan biyu, na This PC ne gaskiya. NTFS, wato tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi a faifai, yana riƙe da taswirar kowane gurbi na faifan, wanda aka kama da wanda yake fili, daga nan ake ɗauko adadin abin da ya rage. Shi kuwa Properties bin foldoji yake yi ɗaya bayan ɗaya yana tarawa, duk ƙofar da ya tarar a kulle sai ya wuce ba tare da ya faɗa maka ba. Kamar mai ƙirga buhuna ne a sito wanda aka ba shi mabuɗan wasu ɗakuna kawai: lissafinsa daidai ne, amma bai shiga ko'ina ba. Ƙari a kan haka, lokacin da ka zaɓi komai a cikin C, abin da ido ke gani kawai ka zaɓa, ɓoyayyun da ke saman faifan ba su shiga ba tun farko.

Don haka kafin ka goge komai, sake awo da cikakken iko. A wurin bincike rubuta cmd, ka danna dama a kansa, ka zaɓi Run as administrator, baƙin allo zai buɗe, sannan ka rubuta a cikinsa:

dir /a C:\

Za ka ga fayiloli uku da ba ka saba gani ba, da girmansu a bayit. Akwai hiberfil.sys, inda kwamfuta ke juye abin da ke cikin RAM idan ta shiga dogon barci, wato Hibernate. A Windows 10 yakan kama kusan kashi 40 cikin ɗari na RAM, a taka ke nan wajen giga 6.4. Akwai pagefile.sys, wanda Windows ke jingina da shi idan RAM ta cika, girmansa yana hawa yana sauka. Sai swapfile.sys, shi ƙarami ne, bai kai a damu da shi ba. Umarnin powercfg /h off yana cire hiberfil.sys nan take, amma ka yi tunani tukuna: idan batirinka ya yi rauni kuma ana yawan ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, dogon barcin nan shi ke cece ka daga asarar abin da ba ka adana ba. Shi kuwa pagefile.sys ka bar Windows ta ci gaba da sarrafa shi. Masu kashe shi don samun wuri sukan ƙare da manhajoji suna rufewa da kansu.

Babban wanda ake zargi a irin wannan giɓin shi ne foldar System Volume Information. A nan ake ajiye hotunan tsarin kwamfuta da System Restore ke ɗauka kafin sabuntawa ko girka direba (manhajar da ke sarrafa wata na'ura a kwamfuta), don a iya mayar da ita baya idan ta sami matsala. Ko kai ne Administrator ba a ba ka izinin leƙa ta ba, shi ya sa Properties ke nuna ta da bayit sifili ko da ta haɗiye giga talatin. A wannan baƙin allon dai rubuta:

vssadmin list shadowstorage

Layi uku za ka duba: Used, Allocated da Maximum. Na tsakiyar shi ne abin da aka riga aka kama a faifai. Idan na ƙarshen ya nuna UNBOUNDED, ba a sa mata iyaka ba ke nan, za ta yi ta ci. Ka ƙayyade ta da wannan:

vssadmin resize shadowstorage /for=C: /on=C: /maxsize=10GB

Tsofaffin hotunan za su tafi, sababbin su zauna gwargwadon abin da giga 10 za ta ɗauka. Idan kwamfutar tana da wata matsala da kake shirin mayar da ita baya saboda ita, yi wannan gyaran tukuna kafin ka rage, domin abin da ya goge ba ya dawowa.

Bayan wannan sai ƙananan masu ci. Tun daga sigar 1903, Windows 10 tana keɓe kusan giga 7 don sabuntawa a kwamfutocin da aka girka ta sabuwa, ana ganinsa a Settings, System, Storage, ƙarƙashin System & reserved. Kwandon shara yana ɓoye a $Recycle.Bin, kuma kowane mai asusu a kwamfutar yana da nasa, share naka ba ya taɓa na wani. Idan akwai asusun ɗan'uwa ko na wanda ya sayar maka da ita a C:\Users, Properties ba zai shiga foldarsa ba sai da izini. ProgramData ma ɓoyayya ce, kuma a cikinta ne kundin binciken Windows, Windows.edb, yake, wanda kan kumbura ya kai giga da yawa a kwamfutar da ke da tarin wasiƙun Outlook. Idan kuma an yi babbar sabuntawa kwanan nan, akwai Windows.old, wadda Windows ke gogewa da kanta bayan kwana 10. In ta ƙi tafiya, buɗe cleanmgr, danna Clean up system files, ka sa alama a Previous Windows installation da Windows Update Cleanup.

Hanya mafi sauri ta ganin duk wannan a allo ɗaya ita ce manhajar WizTree ko TreeSize Free ko WinDirStat. Sharaɗin kawai ka buɗe ta da Run as administrator, in ba haka ba ita ma makauniya ce irin Properties. Na fi ba da shawarar WizTree a faifan NTFS, don kai tsaye take karanta babban kundin fayilolin faifan, cikin daƙiƙoƙi ta gama. Ka jera sakamakon da ginshiƙin Allocated, ba Size ba. Size nauyin abin da ke cikin fayil ne, Allocated kuwa wurin da ya kama. NTFS tana raba wuri ne gurbi-gurbi na bayit 4,096, fayil mai bayit 5,000 gurbi biyu zai ci, wato 8,192. A fim ɗaya wannan ba komai ba ne, amma a foldar da ke da ƙananan fayiloli dubu ɗari biyu yana taruwa. Akasin haka ma yana faruwa: fayilolin OneDrive masu alamar gajimare suna nuna girma alhali ba su kama komai a faifanka ba.

Gargaɗi ɗaya mai nauyi. Manhajar za ta nuna maka C:\Windows\WinSxS da girma mai tayar da hankali, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Kada ka taɓa ta. Yawancin abin da ke ciki fayil ɗaya ne mai suna biyu, yana WinSxS yana kuma System32, ana ƙirga shi sau biyu alhali sau ɗaya ya kama wuri. Goge ta da hannu yana hana Windows sabuntawa, wani lokaci ma ya hana ta tashi. Ainihin girmanta wannan ne zai faɗa maka:

Dism /Online /Cleanup-Image /AnalyzeComponentStore

Idan ya ce ana buƙatar shara, maimaita umarnin amma ka musanya kalmar ƙarshe da /StartComponentCleanup. Haka ma C:\Windows\Installer, a bar ta.

Idan ka tara duk waɗannan amma har yanzu akwai giga da yawa da babu bayaninsu, mai yiwuwa taswirar faifan ce ta rikice, abin da kan biyo bayan mutuwar kwamfuta farat ɗaya tana cikin rubutu. Rubuta chkdsk C: /scan. In ya sami kuskuren da ba zai gyaru kwamfutar tana aiki ba, sai chkdsk C: /f, ka amsa da Y, ka sake kunna ta a jone da caja. Kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri kafin nan.

Batun filashi kuwa, alamar da ka faɗa ta ƙwayar cutar nan ce da ake yawan kwasowa a shagunan buga takardu da kafe. Ba ta goge fayiloli, ɓoye su take yi, wani lokaci ta bar gajerun hanyoyi masu ƙaramar kibiya da sunayen foldojinka. Kada ka danna su, dannawar ce ke shigar da cutar cikin kwamfuta, kuma kada ka yi format. Fara bincikar filashin da Windows Security, sannan ka duba harafinsa a This PC. Idan E ne, rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Ba shi lokaci ya gama, giga 20 na iya ɗaukar mintuna. Fayilolin za su bayyana, sau da yawa a cikin wata folda marar suna. Kwashe su zuwa kwamfuta, ka goge gajerun hanyoyin da duk wani fayil mai ƙarewa da .vbs ko .lnk da ba kai ka sa ba, sannan ka yi wa filashin format ka mayar da kayanka.