Amsa: yadda ake ciniki da dillalan mota a Kano

Malam, tambayarka kan sayen ƙaramar mota irin Corolla ko Vibe a wajen dillalai, gaskiya kada ka je kai kaɗai, tafi da makanikinka ya duba inji da giya ya leƙa ƙasan motar, don fenti yana ɓoye abubuwa da yawa. Farashin farko ba shi ne sallama ba, ka taya ƙasa sosai, in sun ce albarka kama hanya, wallahi sau da yawa kafin ka fita get za su kira ka. Sannan maganar la'ada ku gama ta tun kafin ka tura kuɗi, wa zai biya, nawa ne. In Beljiyam ce, wato motar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje aka shigo da ita, a nuna maka takardar kwastam, lambar chasis ta dace da ta jikin motar.